Totuwar Dawuda

A bayan tashar motar Zuru, a shekarun da Fijo ke mulkin hanyar Bena, akwai wani bakanike mai suna Maharazu. Gajere ne, mai furfura a gemu, kuma maganarsa sai an roƙa. Ya yi ƙuruciyarsa a saman manyan motoci masu kai dawa Kwantagora, a kan buhu yake kwana, ƙarar inji na shiga masa ta haƙarƙari. Da ya gaji da yawo sai ya kafa rumfa, ya zo da wata al'ada mai ban haushi: ba ya kwance motar da bai ga mutuwarta da idonsa ba. Ka kawo masa labari mai tsawo, zai saurara har ka gama, sannan ya ce, "To, mu tahi ta yi a gabana." Masu gaggawa sun sha zaginsa, sun kuma sha dawowa.

Magdalene ba ta taɓa shiga rumfarsa ba sai da abin ya kai mata wuya. Man gyaɗa take sayarwa a kasuwa. Mijinta Dawuda direba ne, ya rasu a daminar 2004, ya bar mata 'ya'ya, babbarsu Theresa, da tsohuwar Fijo. Ta ba wani direba, Lukuman, ya riƙa ja mata.

Sai motar ta ɓullo da wani hali. A cikin gari lafiya lau take. Amma in an cika tanki aka ɗauki hanyar Bena, sai ta fara shaƙuwa, ta ja, ta ja, ta mutu. Kuma ba ko'ina ba, sai kusa da mararrabar ƙauyen su Dawuda, inda aka binne shi. A buga makulli har batir ya yi sanyi, ko tari ba za ta yi ba. In an gaji an zauna a inuwa, can sai ta tashi kamar ba ita ba. An canza fulogi, an canza kwayil, an wanke kafireto har ya yi ƙyalli. A banza.

Mutanen tasha kuwa ba sa rasa bayani. Suka ce marigayi mai motar ne bai yarda ba. Fasinja suka fara zamewa, dangin miji suka aiko a kai motar ƙauye a jingine ta. Magdalene tana zuwa coci, ta san abin da aka koya mata, amma maganar ta shige ta. Ita da ta yi jinyar mutumin nan har ya cika a hannunta, me ta yi masa da zai riƙa tsayar da abincin 'ya'yansa a ƙofar kabarinsa? Wannan ne ke cin ta, ya fi asarar lodi ciwo. Har ta daina zuwa ƙauyen.

Maharazu ya ji labarin duka, ya ce, "Maman Theresa, a cika ta da mai. Ke ma ki shigo."

Bai zauna gaba ba. Ya shige can kujerar baya ya lumshe ido, har Lukuman ya ɗauka barci yake. Suka bar gari, suka yi ta tafiya cikin rana. Da tsaunin ƙauyen ya fito, motar ta fara shaƙuwarta. Injin ya mutu, suka gangara gefen hanya, daidai mararrabar.

Lukuman ya yi wuf zai buɗe bonet.

"Bar shi," in ji Maharazu. "Kowa shi yi shiru."

Ya fito ya zagaya motar a hankali, tafin hannunsa na shafar jikinta kamar mai duba saniya a kasuwa. A baya ya durƙusa, ya kara kunne. Magdalene ba ta ji komai ba sai kukan kurciya. Can wani ɗan sauti ya fito daga ƙarƙashi, ƙwas, irin na gwangwanin da aka matsa. Tsohon ya miƙe ya buɗe ƙofar tanki.

Babu murfi a bakin tankin. Leda ce ninki-ninki, an naɗe ta da robar tayar keke, ɗauri mai kyau, tsaf. Ledar ta lotsa ciki kamar kumatun mara haƙora. Maharazu ya warware robar, sai tankin ya ja iska da ƙarfi, fuuu, dogon numfashi irin na wanda aka tsamo daga rijiya.

"Tada ta," in ji Maharazu.

Lukuman ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Motar ta kama, tana rugugi lafiya ƙalau. Ya saki sitiyari ya riƙe baki yana salati.

"Wa ya yi ɗaurin ga?" Maharazu ya tambaya.

"Ni ce, Baba," in ji Magdalene.

Murfin ya daɗe da ɓata. Dawuda totuwar masara yake cusawa, naɗe da wani baƙin tsumma, ta sha yi masa tsiya a kai. Bayan rasuwarsa ta wanke motar da hannunta, ta ga ƙazamin tsumman, ta ce motar mijinta ta fi ƙarfin haka. Ta ɗaure bakin tankin yadda take ɗaure jarkar man gyaɗa, ɗaurin da ko ɗigo ba ya fita. Lukuman kuma kullum ya sha mai, sai ya mayar yadda ya gani.

Maharazu ya jinjina kai. "Ɗiyata, jarka ba ta numfashi, amma mota tana yi. Mai na hita, dole iska ta shiga madadinsa. In ba ta shiga ba, famfo shi ja, shi ja, shi gaji. In ta huta, iska ta sulala kaɗan-kaɗan, sai ta tashi. Totuwa da tsumma suna barin iska."

"To me ya sa sai nan, Baba? Me ya sa sai a ƙofar garinsu?"

"Daga Zuru, nan ne iyakar numfashinta. Da garinsu na gaba, da ta mutu a dajin Allah, ba wanda zai ce komi." Ya naɗe robar ya miƙa mata. "Mijinki bai riƙe mota ba. Ya dai san abin da ya cusa mata."

Magdalene ta tsaya tana kallonsa. Mutum ya zauna da ido a rufe, bai taɓa sifana ba, ya ji abin da ke cikin ƙarfe, ya kuma sauke mata abin da ta kwana da shi wata da watanni. Abin ya fi ƙarfin godiya. Hawaye kawai ke zuba.

"Totuwar tana nan," ta ce. "Ban iya yar da ita ba. Tana cikin akwatinsa."

"To a mai da ta."

Ya tsinci wani ƙyalle a but ɗin motar ya toshe bakin tankin sakwa-sakwa, suka shiga. Lukuman ya sa giya zai juya Zuru, sai Magdalene ta dafa kujerarsa.

"Lukuman, shiga da mu ƙauyen. Na daɗe ban je wurinsa ba."

Motar ta karya kwana ta hau hanyar tsaunin, ko shaƙuwa ɗaya ba ta yi ba.