Zanen Ɗan Baffana a Gindin Jirgin Yaƙi

Lokacin yaƙin Turawa na biyu, dagacinmu a Kademi ya nemi majiya ƙarfi da za a tura aiki filin jirgin sama na Kano. Ni aka fara nunawa, amma mahaifina ya ce gona ba ta nome kanta. Sai aka ɗauki ɗan baffana, wanda na girma da wata huɗu, wanda bai taɓa kayar da ni a kokawa ba.

Bayan damina biyu ya zo ganin gida da wata takarda naɗe cikin tsumma. Ya warware ta a kan tabarma a zaurenmu. Wani sojan Bature ne ya zana su suna bakin aiki. Ga jirgin yaƙi da dogon hanci, ga maza uku suna cusa jerin harsasai cikin fiffikensa. Na tsakiyan shi ne, har tabon goshinsa ya fito.

Har daga garin Toranke aka riƙa zuwa kallo. Ni kuwa da nake yi wa mutane adon bango har cikin Gaya, na zauna a gefe, ba mai ko kallona.

"Hannun nan ya cika tsawo," na ce.

"Yaya, haka yake in mutum ya miƙa abu mai nauyi," ya amsa yana murmushi. Murmushin ya fi maganar ƙona mini rai.

Na ari takardar na ce zan duba. Kwana biyar ina fama da gawayi a bangon ɗakina, ina kwaikwayo, sai dai a tsakiya fuskata na sa. Jirgin ya fito kamar zabuwa.

Rana ta shida ya shigo karɓar abinsa. Ya daɗe yana kallon bangon.

"Kai ne wannan, Yaya?"

Ya ɗora yatsa a inda na zana kaina, a gaban fiffiken.

"To ka matsa. In ka tsaya nan, farfelar jirgin ta raba ka biyu."

Ya karɓi gawayin, ya goge ƙafafuna na jikin zanen da tafin hannu, ya nuna mini bayan fiffike inda ake tsayawa. Ba ya ko dariya, gyara yake yi tsakani da Allah, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Washegari na kwaɓa ƙasa na shafe bangon. Ranar da zai koma Kano na raka shi har bakin hanya, na riƙe masa ƙunshinsa, amma bakina ya ƙi cewa zanen da ya zo da shi ya yi kyau.