Shawarar Kwana Goma

Idan ka shiga tashar manyan motocin Legas da ke Sabon Gari ka tambayi Kaltume mai dambun nama, za a tsaya ana kallonka. Ce musu Inna Shawara kake nema, ko kwandasta zai nuna maka bencinta kusa da tagar yankar tikiti. Da wuya fasinja ya wuce ta da jakar da ta yi kama da ta mai barin ƙasa ba ta tare shi ba. "Ina zuwa? Kwatano? Lome? Biza dai ba ruwanka da ita, ƙasashen ECOWAS ne. Kawo fasfon in gani. To, ina ɗayan?" Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san launi, ta san tambari, kuma ba a taɓa maido wanda ta duba daga iyaka ba.

Ni maƙwabciyarta ce a Hayin Dogo, Samaru. Sunana Winifred, ita kuwa Maman Brian take ce mini. Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakaninmu, tana aiko mini da naman layya, ina aika mata da shinkafar Kirsimeti. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare. Na faɗi wannan ne don a san da ni aka yi abin kunyar da zan ba da labari, da duk takardun shaidata.

Yaya Kaltume ta haifi maza huɗu kafin ta samu mace, Raihana, kuma daga ita ba ta sake ba. Da mijinta ya rasu, dambun nan ne ya biya wa yarinyar makaranta har ta gama. Sai ga Zailani, ɗan Zangon Kumasi da ya zo karatu Samaru, ya gan ta, aka ɗaura aure ya tafi da ita Ghana. Ranar da za su tafi, a gabana Yaya Kaltume ta riƙe hannun 'yarta ta ce, "Ko a bayan duniya kika haihu, ni zan yi miki wankan jego tun daga ruwan farko." Ita da ta yi haihuwar fari uwarta ba ta raye, kishin wannan abu bai taɓa barin ta ba.

Da ciki ya tsufa likita ya hana Raihana doguwar tafiya, don haka babu zancen zuwa gida goyon ciki. Uwa ce za ta je. Aka yi fasfo, aka soya dambu bokiti guda, aka daka yajin jego, aka nemo kanwa. Raihana ta kira ta yi mata bayani a waya, wayar kuwa tana ta yankewa kamar kullum idan hadari ya haɗo. Da suka gama Yaya Kaltume ta leƙo ta kan katanga.

"Maman Brian, babu biza. Amma wai doka ce sai na yi shawara kwana goma kafin in taso."

"Shawara da wa?"

"Ba ta faɗa ba. Da manya mana."

Allah ya sani, abin da na ce shi ne, "Ashe mutanen Ghana suna da hankali haka." Na ma ƙara da cewa da gwamnatinmu za ta kwaikwaya da an rage tafiyar ganganci.

Yaya Kaltume ba ta yin abu rabi da rabi. Ta fara da limamin unguwa, ya koya mata addu'ar hawa mota. Washegari ta hau bas zuwa Basawa wurin wanta, tsohon soja, ya yi awa biyu yana ba ta labarin Laberiya, a ƙarshe ya ce kada ta kuskura ta riƙe wa kowa jaka. Wata Hajiya a unguwar PZ da ke saro atamfa ta ce ta riƙa cewa "bonjur" idan an shiga ƙasar Faransanci. Ni na ce ta rubuta lambar Zailani ta ɗinke a bakin zani. Kullum da mutum ɗaya ko biyu, har kwana goma suka cika cur, ta ɗaure kayanta da zuciya wasai.

Daga Zariya zuwa Legas lafiya. A Legas ta shiga bas mai zuwa Ghana, Allah ya haɗa ta kujera ɗaya da wata 'yar kasuwa, Mojisola, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta Bazazzagiya. Da hantsi suka isa iyakar Seme aka ce kowa ya sauko da takardunsa. Jami'in lafiya ya karɓi fasfon Yaya Kaltume, ya juya shi, ya sake miƙo hannu yana magana da Turanci.

Mojisola ta ce, "Mama, wai ina na shawara?"

"Ce masa na yi. Kwana goma cur."

"To kawo katin."

"Shawarar ma har da kati? Ai da na sani da na sa liman ya rubuto."

Mojisola ta ce da farko ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskar tsohuwar sai ta zaro nata katin, ruwan ɗorawa, ta nuna mata. Katin allurar rigakafin ciwon shawara ne, kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana goma a jiki. Aka kira Raihana, ta fashe da kuka tana cewa, "Allurar shawara na ce, Inna! Allura!" Kalma ɗaya waya ta haɗiye.

Ana cikin haka wani mutum da ke rakuɓe a gefen rumfa ya matso, ya ce da Hausa ta kwantar da hankalinta, akwai kati a aljihunsa da tambari da tsohon kwanan wata, suna kawai za a rubuta. Direba yana ta danna oda. Mojisola ma ta ce da yawa haka suke yi. Yaya Kaltume ta shaida mini cewa har ta ɗaga hannu, don abin da ya rage tsakaninta da 'yarta bai fi yini ɗaya ba. Sai ta tuna ƙanenta da ya rasu suna yara, idanunsa sun rine kamar an zuba musu kurkum, ana cewa shawara ce. Ta ce wa mutumin, "Katin naka zai hana ni kwasar ciwo a hanya in kai wa jariri?" Ta sa aka sauke mata bokitinta.

Mojisola ta haɗa ta da yayarta a Badagiri. A ranar aka yi mata allurar a asibiti, ta zauna ƙirgen kwana goma na biyu a gidan mutanen da ba ta jin yarensu. Rana ta uku Raihana ta haihu, mace. Ta waya Yaya Kaltume ta ji kukan jikarta, sannan ta kira ni. Duk tsawon zamanmu ban taɓa jin muryarta ta karye ba sai ranar, har ni ma na zauna a bakin gado na yi nawa kukan, ina jin haushin kaina da ban ce mata "wace shawarar?" ba.

Ta isa Kumasi bayan suna da kwana biyu. Uwar Zailani ce take wankan tun farko, macen kirki, ta miƙa mata ganyen darbejiya ta ce sauran kwana talatin da ɗaya nata ne. Ta yi su ɗaya bayan ɗaya ba fashi. Amma da ta dawo, in an ce mata sannu da jego sai ta ce, "Na tarar dai an fara."

Labari ya riga ta isowa tasha. 'Yan kamasho suka laƙaba mata Inna Shawara don tsokana, ita kuwa ta karɓe sunan ta mai da shi aiki. Duk wanda ya yi mata dariya sai ta ce ya fito da nasa katin, a nan dariyar da yawansu take tsayawa.

Bayan shekara uku Raihana ta sake samun ciki. Saura wata guda cif a haihu, Yaya Kaltume ta bar wa surukarta bencin ta hau mota. A iyaka aka samu cunkoso, jami'in ya duba fasfo ya yi mata alama ta wuce, bai ko tambayi kati ba. Ta ƙi motsawa. Ta zaro shi daga leda uku da ta naɗe shi, ta buɗe, ta ɗora yatsa a kan tambarin, sai da ya karanta ya gyaɗa kai sannan ta ba na bayanta wuri.

Wata Talata ina shanya a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Ban ji sallama ba, sai ƙarar ruwa ana kwarawa a baho da kukan jariri mai ƙarfi. Can sai muryarta, tana haki.

"Maman Brian, kina ji? Namiji ne, ɗazu da safe. Wannan ruwan farko ne, kuma hannuna ne a ciki."