Ciwon Hanjin Yaya Bala da Aikin da 'Yarsa ta Ɗauka

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Bala makwancinsa. Shi ya ɗauko ni daga Katsina ina saurayi, ya zaunar da ni a shagonsa na atamfa a kasuwar Adjamé, can ƙasar waje, ya koya mini yadda ake fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Treichville. Mutum ne mai barkwanci, komai ya samu sai ya yi wasa da shi, in ban da cikinsa. Wannan kam bai yarda a yi zancensa ba.

Ciwon ya daɗe yana cin sa. Murɗa, gudawa da jini, ga rama. Sai ya lafa har mu manta, sai kuma ya dawo. Ranar da za mu ƙetare gada zuwa tashar ba ya karyawa, don tsoron kada cikin ya motsa muna cikin gbaka, ƙaramar motar haya, a tsakiyar cunkoso. Wasu suka ce basir ne, wasu suka ce hannu aka sa masa a kasuwa. Shi kuwa duk ƙwayar da mai tallan magani ya miƙo, haɗiyewa yake. Da ƙyar ya amince muka je asibiti. Likita ya ce bangon hanjin ya zama gyambo, irin ciwon nan ne da jiki ke yaƙar kansa. Aka yi masa aiki, bai tashi ba.

'Yarsa Nafisa tana sakandare a lokacin. Yau tana aiki a wani ɗakin bincike, kuma wannan ciwon ta sa a gaba. Bara ɗana Kabiru ya fara irin murɗar nan, gida ya rikice, mata suna cewa gado ne, babu makawa. Nafisa ta zo shago ta zauna a kan dilar atamfa, ta yi mini bayani da Hausarta mai gauraye da Faransanci.

Ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu bila adadin, kuma yawancinsu ba cuta ba ne, abokan zama ne. In suka ci ragowar wake da ganye da dusar hatsi, sukan fitar da wasu sinadarai da ke shiga bangon hanji, su kwantar da wasu ƙwayoyin gado, su tashi wasu. In aka hargitsa halittun nan, kamar da shan magani barkatai, ƙwayoyin gado masu hura kumburi na iya farkawa. Na tambaye ta ko magungunan titi ne suka kashe mahaifinta. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, bincike bai kai nan ba tukuna.

"Amma Baffa," in ji ta, "abin da muka gada ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Ka kai Kabiru asibiti, kada ka jira."

Na kai shi. Yana shan magani bisa ƙa'ida, ya koma makaranta.

Sai ta zo da wata buƙata mai nauyi. A wurin aikinsu suna neman mutane irinmu, masu cin tuwo da aceke na rogo, su ba da ɗan bayan gida a gwada, don abincinmu daban, halittun cikinmu ma ƙila daban. Da na faɗa wa abokan kasuwa bayan sallar Juma'a, wasu suka kau da kai, wani dattijo ya ce wannan ba maganar mutunci ba ce. Na ce masa ni na ga inda irin wannan mutuncin ya kai yayana. Ni na fara bayarwa, wasu suka biyo baya.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga 'yarsa da farar riga tana wannan aiki. Na san zai fara da tsokana, ya ce duk karatun nan a nan ya ƙare. Daga baya, ina jin, zai ja ta gefe ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ba kadara mai yawa ya bari ba. Abin da ya bari taurin kai ne, wanda ya hana shi zuwa asibiti da wuri, wanda kuma shi ne yake hana Nafisa gajiya. Ni ma ashe na samu rabona. Dattijon nan har yanzu bai yarda ba, kuma Juma'a mai zuwa a sahunsa zan tsaya, in sake taso masa da maganar.