Gangar da Na Ajiye a Wutsiya

A ƙarshen shekarun tamanin aiki biyu gare ni a zangon Salaga. Ina kan keke ina ɗinka batakari, wato rigar saƙi ta maza, in lokaci ya yi kuma in ajiye almakashi in je in kira salla a masallacin unguwarmu. Ɗinki ke ciyar da ni, amma ladancin nan shi nake tsoron rasawa. Wanda ya riƙe shi kafin ni an gan shi yana taka rawar simpa, ta samari da 'yan mata, a wani gidan biki, ba a daɗe ba liman ya sauke shi ya ɗora ni. Tun daga ranar, ko rediyon maƙwabci ya saki kiɗa sai in duba ƙafafuna in tabbatar suna nan a ƙasa.

Ni mutum ne mai yawan wasuwasi. Nakan sake alwala don na yi shakkar ko na shafi kunne. Nakan farke ɗinkin da ba wanda zai ga karkatarsa sai ni. In damuwa ta taso mini kuma, yatsuna kan kama bubbuga allon keke ba da sanina ba. Gwaggona, wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata ina jariri, ta sha make mini hannu a kan haka, ba ta taɓa gaya mini dalili ba.

Matsalar ita ce batakari ba ya fita sosai sai a wurin biki. Dole na riƙa bin motar wani direba da ke ɗauko busasshen kifi daga Makango ya kai arewa. Shi da abokansa biyu ba bikin da ke wuce su, daga bikin Damba na watan Mauludi a Salaga zuwa na Yendi, har bikin kaka na ƙabilar Kusasi a Bawku. Ɗaya mai gyaran rediyo ne, ɗayan mahauci da ya girme mu duka, muna ce masa Baba. Su kallo ke kai su, ni ciniki. Sai dai motar ɗaya ce, gardamar ma ɗaya, wai wane kiɗa ne sarki, wane ne bawa.

Direba ɗan simpa ne. In ya fara yabon muryar 'yan matan da ke waƙar, sai ya saki sitiyari ya nuna yadda suke juya kafaɗa, ni kuwa in kama salati. Mai rediyo ya ce simpa hayaniyar yara ce. Shi a wurinsa kiɗan rege ne a sama, hailaif na biye, kiɗan Indiya kuma na masu mura ne. Baba ba ya ɗaga murya. Sai sun gaji ya gyara goro a kumatu ya ce, "Duk kiɗan da sai an sa masa batir, ba kiɗa ba ne. Goge dai. Goge ke sa dattijo kuka bai ji kunya ba."

"Baba, kai da ka saba jin kukan akuya kullum, ai dole goge ya yi maka daɗi," in ji mai rediyo.

"Ɗan nema, in kaset ɗinka ya laƙume zare, da bironka ake masa aikin asibiti."

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda suke ɗaukar zancen da gaske. Na ga direba da mai rediyo sun yi daga Tamale har Walewale ba su ce wa juna uffan ba, saboda an sa simpa ƙasa da hailaif. Mutane masu iyali! Kuma ko yaushe a kaina ake ƙarewa. "Ladan, kai ne alƙali. Jera mana su." Ni kuwa in ce ban san kiɗa ba. Ina tsoron in yabi wani, magana ta koma Salaga cewa ladan na da kiɗan da yake so. Ina kuma tsoron in kushe wani in ɓata wa mai shi rai.

A hanyar dawowa daga Bawku suka kama ni. Mun tsaya a Binduri wurin mai koko da ƙosai, hantsi ya ɗaga. A bikin sun ji wani mai molo mai tsirkiya biyu, wanda a can ake kira kologo, ya birkita musu jerin gaba ɗaya. Mai rediyo na so ya sa shi na biyu, Baba ya ce ƙanen goge ne, direba ya rantse ba zai tada mota ba sai na yi magana.

"To ba mu ce ka faɗi na farko ba," ya ce. "Faɗi na wutsiya kawai. Wannan ai ba zunubi."

Na auna abin. Na duba na ga akwai kiɗa ɗaya da ba wanda ke karewa a motar, wato lunga, gangar hammata ta Dagwamba mai kama da kalangu, wadda makaɗanta ke bin mutane da ita suna kirarin kakanni. In na kushe ta ban taɓa kowa ba. In labari ya kai wa liman ma, sai dai ya ji na kushe ganga.

Na ce, "Lunga. Ba ta da waƙar da za ka riƙe, sai ƙugi a kunne. Kuma masu ita ba sa barin mutum ya yi ciniki."

Na zaci za a yi dariya a wuce. Sai direba ya ƙware da koko har ya fito masa ta hanci. Mai rediyo ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ladan, ka tabbata?"

"Na yi saɓo ne, Baba?"

"A'a. Sha kokonka."

Na yi watanni ina juya tambayar nan a raina. Na tambaye su, suka ce ba komai, yadda na murtuke fuska ne ya ba su dariya.

Da watan Mauludi ya kama muka tafi Dambar Yendi. Na shimfiɗa kayana a gefen kasuwa, nesa da filin rawa kamar yadda na saba. Wajen azahar sai ga masu lunga sun biyo layinmu. Al'adarsu ce su tsaya gaban mutum su tambayi gidansu, sannan su kaɗa masa kirarin gidan. Na sunkuyar da kai ina ninke rigar da take a ninke. Wani tsoho mai farar ƙasumba, gangarsa ta yi baƙi don tsufa, ya tsaya a kaina ya yi mini magana da Dagwamci. Na ce ba na ji. Sai ya juya da irin Hausar kasuwa.

"Kai ɗan wane gida?"

Na ce ni Bahaushen Salaga ne, ba ni da kirari a nan. Na faɗi sunan mahaifina da fataucin goronsa don ya wuce. Bai wuce ba. Ya kafa wa hannuna ido, sai a lokacin na lura yatsuna na bubbuga akwatin kaya. Na janye su.

"Uwanka fa? Wane sunansa?"

Ban ga dalilin ɓoyewa ba, na faɗa.

Tsohon nan ya saki makaɗi ya faɗi ƙasa. Ya yi wata ƙara, sauran suka tsaya cak. Ya faɗa musu wani abu da sauri, sai gaba ɗaya suka kewaye ni suka saki kiɗa. Ban taɓa jin lunga kusa haka ba, har cikin haƙarƙarina. Mata suka fara guɗa, kasuwa ta taru. Ni ladan, tsaye a tsakiyar ganguna, da rana tsaka, a garin da mutanen Salaga suka cika! Na hango direba a bayan taro ya ɗora hannu biyu a ka. Na zauna a kan batakarin sayarwa.

Baba ne ya ratso ya yi mini tafinta. Ashe tsohon nan yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakana shugaban makaɗa ne a wata unguwar Yendi. Mahaifina ya auro ta ya kai ta Salaga, da ta rasu danginsa suka yanke zuwa, suka hana a gaya mini.

"Baba, ka sani?"

"Na sani."

"Su ma?"

"Ladan, duk wanda ya yi furfura a zango ya sani. Yaran nan kuma a bakin iyayensu suka ji. Gwaggonka ce ta roƙi a yi shiru."

Ban gama haɗiye wannan ba aka kai ni gidan kawun. Aka ba ni ruwan gari, tsofaffin mata suna taɓa fuskata suna kuka, wai hancin mahaifiyata ne. Sannan kawu ya shiga ɗaki ya fito da wata ƙaramar lunga. Ya ce a wurinsu, in ɗiyar makaɗi ta yi aure a waje, dole ta mayar da ɗa ɗaya gidan ganga. Mahaifiyata ni kaɗai ta haifa. In ba a mayar ba, ganga kan bi mutum da kanta, ta hana shi sukuni.

"Kana barci da kyau?" ya tambaya. "Zuciyanka yana zama wuri ɗaya?"

Na kalli yatsuna. Ya gyaɗa kai kamar na amsa. Ya ce tunda na girma ba zai raba ni da sana'ata ba, amma in tafi da gangar, in riƙa taɓa ta, in watan Damba ya zo kuma in zo in tsaya cikin dangi.

Na so in ƙi karɓa. Amma mutumin nan, in ji tsofaffin matan, idanun uwata ne a fuskarsa, uwar da ko hotonta ban taɓa gani ba. Na miƙa hannu biyu. Na naɗe ta cikin batakari, na rungume har Salaga. A hanya ba wanda ya kunna kaset. Sau ɗaya mai rediyo ya buɗe baki, "Yanzu dai jerin nan sai an sake..." Baba ya harare shi ya haɗiye sauran.

Ina ta lissafin abin da ke jirana. An sauke wani don ya taka rawa sau ɗaya, ina ga wanda aka kaɗa wa ganguna a kasuwa, ya kuma shigo da ɗaya gida? Ga tsoron ko na yi shirka da na saurari zancen ganga mai bin mutum. Na yanke gara liman ya ji daga bakina.

Washegari bayan azahar na same shi a zaurensa yana gyara carbi da ya tsinke. Na durƙusa na kwance ƙunshin a gabansa, na faɗi komai, har maganar da na yi a Binduri. Na ce, "Allah gafarta Malam, in ladancin bai dace da ni ba, na haƙura."

Ya kalli gangar, ya kalle ni. "Tsohon yana nan da rai ashe? Mai tabo a gira?"

"Malam ya san shi?"

"Ni na ɗaura auren iyayenka. Shi ya kaɗa mana tun daga tasha har ƙofar gidanku." Ya zura ƙwayar carbi a zare. "Kai a zatonka muryar da kake tada unguwa da ita, a cikin buhun goro ubanka ya samo maka?"

Na ce, "To wanda aka sauke saboda rawa fa?"

"Wa ya ce maka saboda rawa? Asuba yake makara. Jama'a su taru su yi ta jiran ladan. Ka taɓa makara?"

"Ko sau ɗaya, Malam."

"To me ya kawo maganar ajiyewa?"

Shekara da shekaru ina tsare ƙafafuna, ashe ba ƙafa ake dubawa ba.

Ya ce kada in sa a raina cewa fata da itace na hana barci, wasuwasina nawa ne, in yi ta neman tsari. Amma zumunci wajibi ne. In je Yendi in gai da kawuna, gangar kuma gadon uwata ce, in adana ta a gida, kada dai ta ƙetare ƙofar masallaci. Na tambaye shi ko in taɓa ta kamar yadda kawu ya ce. Ya ce, "Shekara nawa kana kaɗa allon kekenka muna ji daga nan? Wa ya hana ka?"

Na naɗe gangata na miƙe. Har na kai bakin zaure ya kira ni.

"Wai da gaske a wutsiya ka sa ta?"

"Da gaske, Malam."

"Ka zalunce ta. Ta biyu ce, bayan goge." Ya mayar da ido kan carbinsa. "Mahaucin nan ya fi ku kunne."

Na tsaya riƙe da labulen zana, bakina a buɗe. Bai ƙara ɗagowa ba, sai cewa ya yi inuwa ta kai, in je in ajiye kayana in zo in kira la'asar.