Lemon Baba da Takin Samaru

Asubar fari muka bar Kaduna, ni da maigidana, don Mama ta aiko cewa ta kira mai gatari. Lemon da marigayi Baba ya dasa a gidanmu na Sabon Gari ya daina 'ya'ya, za a sare shi. Barci ma ban yi ba.

Hanya ba laifi. A Jaji muka sayi ƙosai, sai dai ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin baki ya san an zo. Daga Kwangila muka fara miƙewa Samaru neman taki. Wurin da muke cin masara muna ɗalibai duk ya koma shagunan cajin waya, har raina ya sosu.

Wata ƙawata mai bincike ce ta kai mu tafkunan da ake tara ruwan masai. Wari kam ba a magana. Maigida ya ce shi zai yi gadin mota. Ta nuna min yadda suke ɗebo dagwalon da ya kwanta a ƙasa, su tace, su zuba magani, sai fosforas, sinadarin da ke sa shuka ta yi saiwa da fure, ya fito fari kamar gishiri. Ta ƙulle min kaɗan a leda in gwada wa lemon a matsayin taki, ta ce ba ta yi alkawari ba.

Muka bi ta PZ zuwa Sabon Gari, ina tunanin yadda zan shiga da ledar, don Mama ko takalmi ba a shiga mata da shi tsakar gida. Mun tarar mai gatari har ya tuɓe riga. Na durƙusa na gaya mata daga inda takin ya fito.

Ta yi dariya har da hawaye. "Ke 'yar nan, kin san a kan me Babanku ya dasa shi? Tsohon masai ne da muka cike. Kuka sha, kuka kai wa fasto, kowa na yaba zaƙi."

Ta sallami mai gatari, ta ce a ba lemon damina ɗaya. Da hannunta ta tona gindin ta zuba.

Mun iso gida Kaduna da la'asar. Na dai gane cewa abin da muke toshe wa hanci shi ya sa yarintarmu ta yi zaƙi. Ganyen lemon da na tsinko yana cikin jakata, kuma har yanzu ƙamshin hannun Baba yake yi.