Hannun da Ya Mayar wa Inna Gidanta

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a gida, idan baƙi suka yi yawa, bayan ƙofa nake tsayawa. Na ɗauki biro na ajiye ya fi a ƙirga. Amma da Baba Mai Shafe ya ajiye cokalinsa na gini a makon jiya, na ga ranar ta wuce shiru kamar ba a yi komai ba, sai na ce ko rubutuna zai karkace, gara ya karkace da a ce ba a yi ba.

Shara da goge-goge nake yi a gidan zane-zane, babban ginin nan da ake rataye hotunan da aka zana da hannu don mutane su zo kallo. Baba shi ne mai kula da bangon ginin, tun ana ɗora bulo har zuwa makon jiya. Kullum yakan riga kowa zuwa, da tsohon bokitinsa da cokali a ciki. Ba ya fara aiki sai ya zaga ɗakunan yana shafa bango da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan da ƙotar cokali, ya kara kunne can. Idan an sauke hotuna za a rataye wasu, shi ke cike ramukan ƙusa, ya shafe su har ka rantse ba a taɓa huda wurin ba.

Matar da ta zana ginin ba ta sa taga ko ɗaya a ɗakunan hotuna ba. Daga sama haske yake saukowa, fari fat, ba ya yi wa mutum inuwa sosai. Kafin ka kai babban ɗaki kuma sai ka bi wani dogon lungu mai lanƙwasa wanda ba fitila a ciki. Ta ce so take ido ya huta daga hasken titi kafin ya ga hoto. Don kada mutane su yi karo, ta zana wani siririn kwarmi a jikin bangon, daidai inda hannu yake kaiwa, wanda zai ja mutum har ya fita. Ita ta zana a takarda, Baba ya fitar da shi da hannu. Duk sanda ta zo da baƙi takan nuna Baba ta ce, "Ni layi kawai na ja. Ga wanda ya sa layin ya iya tafiya."

Ranar da na fara ganin Baba, saura kaɗan in ruga da gudu. Sabuwa ce ni a lokacin, ba a buɗe ƙofa ba tukuna, daga ni sai fuskokin da ke rataye, waɗanda duk inda ka juya idonsu yana kanka. Sai na ji wani abu yana tahowa ta cikin lungun, shuu, shuu, a hankali. Can sai ga tsoho ya fito daga duhu, idanunsa a rufe, hannunsa a bango, bakinsa yana motsi. Ya tsaya a gabana bai buɗe ido ba, ya ce, "'Yar nan, kin zubar da ruwa a tsakiyar lungu. Aljanu ma santsi yana kayar da su."

A gida kuwa, mahaifiyarmu, Inna, ta daɗe da rasa ganinta, tun mahaifinmu yana da rai. Amma wanda bai sani ba ba zai gane ba. Takan fito daga ɗakinta ta wuce kicin, ta je famfo, ta kwashe shanya, hannunta ɗaya yana bin bango, ba sanda, ba ɗan jagora. Bayan rasuwar Babanmu gidan ya tsufa, bangon duk faci-facin siminti da baƙin dattin hannu. Yayana direba ne, mai son uwarsa. Da ya samu hali sai ya kai Inna wurin ƙanwarta, ya kawo magina suka gyara gidan. Aka shafe bango sumul, aka yi fenti, aka faɗaɗa kicin, aka toshe tsohuwar ƙofar ɗakinta aka buɗe sabuwa ta gefen baranda don iska ta riƙa shiga.

Ranar da ta dawo muna ta murna. Ta ɗora hannu a bango, ta ɗan ja shi, sai ta tsaya cak.

"Ina kuka kawo ni?"

"Gidanki ne, Inna," in ji Yaya yana dariya. "Wanka kawai muka yi masa."

"Gidana yana magana. Wannan bebe ne."

Muka ɗauka kwana biyu za ta saba. Ba ta saba ba. Ta daina fitowa, ta rage cin abinci don kada ta nemi a kai ta banɗaki, ƙafafunta suka fara kumbura saboda zama. Da rana tsaka, lokacin da unguwa take yin tsit, sai mu riƙa jin ƙarar farce a jikin siminti. Idan na leƙa sai in same ta tsaye a inda tsohuwar ƙofar take, goshinta a bango, tana karta a hankali tana cewa, "Malam, buɗe mini." Malam kuwa Babanmu ne. Likita ya ce idan ba ta koma tafiya ba, kwanciya ce za ta biyo baya, kuma irin wannan kwanciyar ba a cika tashi daga ita ba. Yaya ya rame ya fi ta.

Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Baba ne ya same ni ina goge wuri ɗaya ina maimaitawa.

"Za ki huda tayil ɗin nan, kuma ni bango aka ɗauke ni gyara, ba ƙasa ba. Mene ne?"

Na faɗa masa, kaina a sunkuye. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Da kuka shafe bangon, kun tambaye ta abin da ke jikinsa?"

Ranar hutu sai ga shi da bokitinsa. Ya gaida Inna daga bakin ƙofa, ya nemi izini ya zauna kusa da ita.

"Hajiya, me bangon yake ce miki da?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Sannan ta faɗi abin da mu 'ya'yanta ba mu taɓa sani ba. Lokacin da idonta ya fara tafiya, Babanmu yakan kwaɓa ɗan siminti a gwangwani, ya manna a bango, ya danna babban yatsansa a ciki kafin ya bushe. Yatsa a tsaye, ƙofa ce. A kwance, akwai matakala. Biyu a jere, wuta tana kusa, ki yi hankali. Facin nan da muke jin kunyar baƙi su gani, su ne.

"Kullum sai na sa yatsana a cikin nasa," in ji ta. "Yanzu kun rufe masa baki."

Yaya ya fita waje, na ji yana fyace hanci. Da ya dawo ya ce a kawo guduma a farfashe komai. Baba ya ce, "Ɗana, ka riga ka yi gaggawa sau ɗaya. Zauna."

Ya sa na ɗaure masa ido da ɗankwalina. Ya ce ido yana ruɗin mutum, abin da aka yi don hannu, hannu ne zai nemo shi. Ya fara bin bango yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a manne. Gidan ya yi shiru, ba ka jin komai sai ƙwas, ƙwas, ƙwas. A kusa da famfo sautin ya canza. Ya ɗauko wani ɗan ƙarfe ya fara kankarewa kamar mai ɓare ƙwai. Ashe maiƙon hannun Inna na shekara da shekaru ya hana sabon simintin kama tsohon. Wani ɗan dunƙule ya faɗo ƙasa, sai ga gurbin yatsa, baƙi, mai sheƙi, har da layukan fata. Na matsa kusa na duba. Yatsan mahaifina ne, wanda muka binne da daɗewa, yana kallonmu daga cikin bango.

Aka kamo hannun Inna aka kai. Ta sa yatsanta. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Ka daɗe."

Baba ya yi ta zuwa duk ranar hutu, yana aiki ido a ɗaure, har ya tono su ɗaya bayan ɗaya. Na kicin ne kawai babu, don bangon da yake jiki an rushe shi. Nan ya kwaɓa siminti ya danna nasa yatsun biyu. Da Inna ta zo wurin ta taɓa, sai ta janye hannu.

"Wannan ba nasa ba ne."

"Nawa ne, Hajiya."

"Shi ya sa. Yatsa kamar taɓarya." Ta sake taɓawa. "To, a bar shi. Baƙo ma yana iya cewa a yi hankali da wuta."

Saura sabuwar ƙofar ɗakinta, wadda aka buɗe bayan Babanmu ya daɗe a ƙasa. Baba ya kwaɓa siminti zai yi mata alama a nan ma. Kafin ya ɗebo, Inna ta biyo bango ita kaɗai daga famfo, ta zo bakin ƙofar, hannunta ya tsaya a wani wuri.

"Ai ga shi nan," ta ce. "Ya riga ka."

Muka matsa. A jikin sabon bango, a ƙarƙashin sabon fenti, akwai gurbin babban yatsa a tsaye, daidai tsayin sauran. Fentin ya shiga cikinsa lafiya lau, wato kafin a yi fenti yana nan. Yaya ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Daga baya ya tambayi maginan, suka ce su sumul suka bar wurin. Na kalli Baba. Ya cire ɗaurin idon, ya sa yatsansa a gurbin, bai shiga ba. Sai ya juye simintin da ya kwaɓa a gindin bishiya, ya wanke bokitinsa.

"Baba, wa ya yi?" na tambaye shi a bakin ƙofar gida.

"Wataƙila wani lebura ne ya dafa kafin ya bushe."

"Ka yarda da haka?"

"'Yar nan, ni shafe na iya. Wanda ya riga ni aiki ba na taɓa masa."

Tun ranar Inna take tafiya. Kumburin ya saɓe, ta koma yi mana faɗa a kan gishiri. Wani lokaci idan ta zo sabuwar ƙofar takan tsaya ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta yi shiru kamar mai sauraro, sannan ta yi dariya. Mun daina leƙawa.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai gadin gidan zane-zane ya ce da aka gyara ɗakinsu, Baba ya yanko wurin da marigayiyar 'yarsa take auna tsayinta da gawayi, ya mayar da shi cikin sabon bango bai fasa ba. Wata mai sayar da tikiti ta ce ya ƙi taɓa ɗakin kakarta sai da tsohuwar ta zaga da shi ta nuna masa abin da za a bari. Bai taɓa ba da labarin ko ɗaya ba.

Baba, kai ne mai tambayar bango kafin ka rufe shi. Kai ne ka shafe ramukan dubban ƙusoshi don aikin wasu ya yi kyau, sunanka bai hau ko kusurwar hoto ɗaya ba. Dubban mutane sun bi hannunka a cikin duhun lungun nan sun fita haske, ba su san hannun wa suka riƙe ba. Mai cokali mai kunne, mun gode. Inna ta ce in gaya maka yatsanka na kicin ya fara laushi. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu gyaran gida, magina da 'ya'ya masu son faranta wa iyaye, ku yi koyi da shi. Kafin ku shafe tabo, ku nemi wanda ya fi kowa daɗewa a gidan ku tambaye shi. Ba duk abin da ya yi muni a ido ba ne lalacewa.

Ban faɗi dalilin da ya sa ya ajiye aiki ba. Idonsa ne yake tafiya. Ƙurar siminti ta shekaru ta ci shi, yanzu inuwa-inuwa yake gani. Da na gama rubutun nan na je na karanta masa, tunda shi ba zai iya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce na cika surutu a takarda. A nan na ga gidansa. Mutumin da ya shafe bangon rabin gari, nasa bulo ne tsirara. Da ya tashi raka ni, sai da ya yi karo da bakin ƙofa, matarsa ta kawar da kai kamar ba ta gani ba.

Washegari da safe ban tafi aiki kai tsaye ba. Na ɗebi siminti a gwangwani, na tashi Yaya ya kai ni. Na gaida matar Baba, na roƙe ta ta nuna mini hanyar da yake bi daga ɗaki zuwa famfo. Ina cikin kwaɓawa ya fito yana laluben bango.

"Wa ke kwaɓa siminti da ruwa haka? Ya yi ruwa, ƙara gari."

Na ƙara. Na manna a gefen ƙofarsa, daidai inda hannunsa yake kaiwa, sannan na miƙa wa matarsa gwangwanin na ce, "Mama, yatsanki za ki sa. Naki zai fi ganewa."