Malam Mas'udu Kwatarkwashi, Mai Tambayar Waɗanda Aka Kulle

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Mas'udu a Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu a shekarar 1951. Mahaifinsa Malam Mamman manomi ne, mahaifiyarsa kuma Delu. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi firamare a Bunguɗu, daga bisani ya koyi jinyar masu taɓin hankali a Kaduna, ya kammala a 1976.

Aure

A 1978 ya auri Bara'atu, 'yar mutanen Ruwan Bore, suka zauna tare har ƙarshen rayuwarsa.

Aiki a Gusau

A 1996 aka ba shi kula da wani keɓaɓɓen sashe a Gusau, inda kotu ke tsare waɗanda suka aikata laifi cikin rashin hankali. Abin da ya dame shi shi ne ana ƙirga maganinsu, ana ƙirga su kansu, amma ba mai jin ta bakinsu. Saboda haka daga watan Maris na 1997 ya riƙa zama da kowannensu duk ranar Alhamis, yana tambayarsa game da abinci, magani, da yadda ma'aikata ke yi masa magana. Wanda ya gamsu ya jefa farin wake a ƙwarya, wanda bai gamsu ba ya jefa ja. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, shi kuwa bai fasa ba.

Wata Alhamis, Mu'azu mutumin Tsafe, wanda ya sari ƙanensa kafin a kawo shi, ya riƙe wakensa ya ce, "Malam, tuwon ba laifi. Amma na warke tun bara, kuma ba wanda ya gaya wa alƙali."

Malam Mas'udu ya rubuta rahoto, likita ya tabbatar, kotu ta sallami Mu'azu da wasu shida a 1998. A shekarar ce kuma aka daina ɗaure kowa da mari a sashen.

Rasuwa

Allah Ya karɓi ransa ranar Litinin, 8 ga Nuwamba, 1999, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a Kwatarkwashi. Majinyatansa sun roƙi a bar su su raka shi, doka ba ta yarda ba, sai suka yi sahu a tsakar sashen suka yi masa addu'a.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Abdulaziz, Zuwaira, Kulu da Maijidda. Allah Ya saka masa da mafificin alheri.